Shin laifi ne tona asirin rufa-ido a bidiyon intanet?

Wani matashi ne ya aiko da wannan tambaya. Ya ce ya shafe kusan shekara biyu yana koyon wasannin rufa-ido, irin su ɓatar da kwabo a tafin hannu da fito da katin da mutum ya zaɓa daga tsakiyar karta, kuma yanzu yana son ya fara saka bidiyo a YouTube da TikTok yana bayyana yadda ake yin kowane wasa. Wani dattijo da ya taɓa koya masa abu biyu ko uku ya ce masa wannan cin amana ne da kashe wa mutane kasuwa, abokansa kuwa sun ce wayar da kai ne, tunda mutanenmu sun cika ɗaukar kowane abin mamaki a matsayin tsafi. Yana son ya san wanda ya fi gaskiya a tsakaninsu.

Ɗan'uwa, na daɗe a cikin wannan harka, na yi wasa a makarantu da wuraren biki, na kuma karanta abin da ya sawwaƙa na tarihinta. Abin da na fahimta shi ne, dattijon nan da abokanka kowa yana da hujja, sai dai kowannensu yana kallon wani mutum ne daban. Dattijon yana tuna mai dabo wanda yake ciyar da iyalinsa da wasa, su kuma abokanka suna tuna ɗan damfara wanda yake amfani da dabarun nan guda wajen raba mutane da dukiyarsu. Hannun da yake ɓatar da kwabo a gaban yara shi ne dai hannun da yake musanya kuɗin gaske da takarda a ɗakin boka, don haka dabarar ita kanta ba ta da wata alfarma da za ta hana a taɓa ta. Abin da ya kamata ka tambayi kanka kafin ka danna maɓallin ɗauka shi ne, wa zai cutu idan ka yi magana, kuma wa zai ci gaba da cutuwa idan ka yi shiru.

Mai dabo na gaskiya mutum ne da yake gaya maka tun farko cewa zai ruɗe idonka, ka yarda, har ma ka biya shi a kan haka, sannan ka tashi ba ka rasa komai ba sai kuɗin kallo. Ɗan damfara kuwa ba ya neman wannan yarda, domin cinikinsa duka ya rataya ne a kan ka gaskata cewa abin da ka gani ya faru da gaske. A kan na biyun nan ba ni da wani kokwanto, tona asirinsa aikin alheri ne, kuma masu sana'ar nan da kansu su ne suka fi kowa yin sa a tarihi.

A ƙarni na 13 wani mutumin Dimashƙa mai suna Al-Jaubari, wanda ya yi yawo sosai a ƙasashen Musulmi, ya rubuta littafi mai suna Al-Mukhtar fi Kashfil Asrar, inda ya bi masu da'awar annabta da malaman bogi da masu cewa suna mayar da ƙarfe zinariya da masu maganin ƙarya, ya zayyana dabarun kowane rukuni ɗaya bayan ɗaya. A Ingila kuma, a shekarar 1584, Reginald Scot ya fitar da littafinsa a kan maita, a zamanin da ake gurfanar da tsofaffin mata matalauta ana kashe su bisa zargin su mayu ne. Ya ware wani sashe ya bayyana yadda masu wasa suke ɓatar da kuɗi da ƙwallaye, har da yadda ake nuna kamar an yanke kan mutum an ajiye a faranti, domin alƙalai da jama'a su gane cewa abin da ya gagari ido bai zama lallai aikin shaiɗan ba. Ana lissafa wannan sashe cikin bayanan rufa-ido mafi tsufa da aka buga da Ingilishi, wato ke nan rubutun wannan sana'a a can ya soma ne da tonon asiri, kuma an yi shi ne don a ceci rayuka.

Harry Houdini, wanda ya shugabanci ƙungiyar masu rufa-ido ta Amurka daga 1917 har mutuwarsa a 1926, ya ƙarar da shekarunsa na ƙarshe yana farautar masu cewa suna kiran ruhin matattu su yi magana da danginsu. Yakan shiga zamansu a ɓoye, ya gano yadda suke kaɗa ƙararrawa da ƙafa ko motsa tebur a cikin duhu, sannan ya hau dandamali ya nuna wa jama'a. Mutumin da yake riƙe da shugabancin ƙungiyar da ke hana tona sirri shi ne yake wannan aiki, kuma bai ga wani karo a tsakani ba. Shekara sittin bayan haka, a 1986, wani mai rufa-ido, James Randi, ya bankaɗo wani mai wa'azin Kirista a Amurka, Peter Popoff, wanda yakan kira sunan mutum da adireshinsa da cutar da ke damunsa a tsakiyar taro, ya ce wahayi ne ya zo masa. Randi ya zo da wani masanin na'urori suka kama muryar matar Popoff tana karanto masa bayanan ta rediyo zuwa wata 'yar na'ura da ke cikin kunnensa, bayanan da aka kwaso daga katunan addu'a da mutane suka cike da hannunsu a bakin ƙofa. An saka faifan a talabijin, shekara ta zagayo Popoff ya bayyana cewa ya karye. Sai dai bayan wasu shekaru ya dawo yana tallan ruwan mu'ujiza kuma ya sake samun masu saye, abin da ya kamata ya rage wa duk mai shirin wayar da kai zumuɗi, domin fallasa ɗaya ba ta warkar da son banza.

Akwai wani labari da nake yawan tunawa idan aka ce sirri abu ne da ba a taɓawa ko ta halin ƙaƙa. A 1856 gwamnatin Faransa ta aika shahararren mai rufa-idonta, Robert-Houdin, zuwa Aljeriya domin ya nuna wa shugabannin ƙabilu cewa asirin Faransawa ya fi na malamansu ƙarfi. Kamar yadda shi da kansa ya ba da labari, ya ajiye wani ƙaramin akwati ya kira wani ƙaƙƙarfa ya ɗaga shi cikin sauƙi, sannan ya ce ya zare masa ƙarfinsa, mutumin ya yi iya yinsa akwati ya ƙi motsi. Gindin akwatin ƙarfe ne, a ƙarƙashin dandamalin kuma akwai maganaɗisun lantarki da ake kunnawa a kashe. Da a ce a cikin taron akwai wanda ya san wannan ya tashi ya faɗa, ban ga mai hankalin da zai kira shi maci amana ba.

Irin wannan fage yana nan a buɗe a wajenmu, kuma ya fi ƙarfin masu aiki a cikinsa. Har gobe ana kai mutane ɗaki a nuna musu akwati cike da baƙaƙen takardu, a zaro biyu ko uku a wanke a cikin wani ruwa su koma dalar Amurka sabuwa fil, sannan a ce su kawo kuɗin sayen sauran maganin wankin. Waɗanda aka wanke ɗin kuɗin gaske ne da aka shafa wa aidin, ruwan kuma yawanci bitamin C ne aka narkar a ciki, sauran abin da ke cikin akwatin kuwa takarda ce aka yanka daidai girman kuɗi. Har gobe ana zaro allura ko ƙusa ko ƙullin gashi daga jikin mara lafiya a ce ga jifan da aka yi masa, alhali abin yana ɓoye a hannun mai cirewar tun kafin ya shigo, kuma wani lokaci mara lafiyar yakan bar zuwa asibiti saboda an ce masa an gama aiki. A tashoshin mota kuma mai karta uku yana nan da abokan cin mushensa waɗanda suke ci a gabanka don su ja ka, kai kuwa ba za ka taɓa ci ba. Idan ka yi bidiyo a kan waɗannan, da Hausar da tsohuwa a ƙauye za ta fahimta, ka yi abin da ya fi wasan kwabo amfani nesa ba kusa ba. Abin da zan ja kunnenka a kai kawai shi ne ka nuna dabarar, kada ka kama sunan wani ko ka saka fuskarsa sai kana da hujjar da za ta tsaya a gaban alƙali, domin ƙazafi laifi ne, kuma mutanen da kake taɓa wa abinci ba duka ne masu haƙuri ba.

Inda maganar dattijonka take da nauyi shi ne ɓangaren wasa tsantsa, wanda ba a cutar da kowa da shi. Manyan ƙungiyoyin sana'ar, irin su Magic Circle da aka kafa a Landan a 1905, suna karɓar alkawari daga duk wanda ya shiga cewa ba zai bayyana sirri ga wanda ba ɗalibin sana'ar ba, kuma ba su ɗauki abin da wasa ba, tunda shugabansu na farko ma, David Devant, sai da suka kore shi saboda ya buga bayanin wasanni inda kowa zai karanta. Amma a nan akwai abin da yakan ɗaure wa mutane kai. Tun 1876 aka buga wani babban littafi a Landan wanda ya zayyana wasannin zamanin dalla-dalla, kuma daga lokacin zuwa yau an buga dubban littattafai, ana sayar da kayan wasa a kantuna ga duk mai kuɗi, ana koyarwa a faifai. Su kansu 'yan ƙungiyar daga waɗannan littattafai suka koya. To, idan sirrin yana kan kanta ana sayarwa, me ake karewa?

Abin da ake karewa ƙofa ce. Wanda ya je ya nemi littafi, ya biya, ya zauna ya karanta shafi ashirin don ya koyi wasa ɗaya, ya riga ya zaɓi ya sayar da mamakinsa ya sayi ilimi, kuma babu wanda ya zalunce shi. Wanda yake zaune yana latsa wayarsa bayan sallar isha'i, sai kawai bidiyon daƙiƙa talatin ya faɗo masa yana nuna inda aka ɓoye abin, bai zaɓi komai ba. Ba a koya masa wasan ba, domin ba zai iya yin sa ba, an dai ƙwace masa jin daɗin da zai samu ranar da zai ga an yi shi a gabansa. Wannan shi ne babban abin da bidiyon intanet ya sauya. Littafi yana jiran mai nema ne, amma tsarin TikTok da ire-irensa shi yake bin mutane yana cusa musu abin da ya ga ana kallo, kuma taken da ya fi jan kallo shi ne mai cewa an tona asirin wane.

Bari in ba ka misali da wasan da ka ambata, tunda tsoho ne, yana cikin kusan kowane littafin koyon yara, kuma duk wanda ya karanto zuwa nan ya nemi sani da kansa. Ka riƙe kwabo a tsakanin babban yatsa da sauran yatsun hannun hagu (ni dala ashirin ta sefa nake amfani da ita, tunda kwabo ya yi wuyar gani a Najeriya), hannun dama ya zo kamar zai ɗauka, a daidai lokacin da yatsun dama suka rufe shi sai ka sake shi ya faɗa gindin yatsun hagu, dama ta dunƙule ta tafi kamar da abu a ciki. Sirrin ke nan gaba ɗaya, jimla ɗaya tak. Amma kafin wannan ya ruɗi ko da yaro ɗan shekara bakwai, sai ka koyi sa idonka ya bi hannun dama kamar kai ma ka yarda kwabon yana can, sai hannun hagu ya saki jiki ya sauka kamar ba shi da wani aiki, sai dunƙulen dama ya yi daidai da na mai riƙe da abu, ba ya matsewa fiye da kima, sai ka san tsawon lokacin da za ka jira kafin ka buɗe, domin idan ka buɗe da wuri hankalin mai kallo zai koma inda aka faro. Na yi watanni a gaban madubi ina ɗaukar kwabon da gaske sau ɗaya, in yi na ƙarya sau ɗaya, har sai da na kasa bambance su da idona. Bidiyon koyarwa shi ne wanda yake ɗaukar minti goma sha biyar yana bayyana wannan wahala. Bidiyon tonon silili kuwa jimlar farko kawai yake nunawa daga bayan hannu, ya saka hoton fuska mai dariya, mai kallo ya tafi da tunanin cewa ashe abin ba komai ba ne.

Na ga sakamakon irin wannan da idona a wata makarantar firamare, ranar rabon kyaututtuka. Ina tsakiyar wani wasa da ɗan ƙyalle ja, yara sun yi tsit, wata yarinya a layin gaba ta buɗe baki ta manta ba ta rufe ba, sai wani yaro daga baya ya miƙe ya ɗaga murya ya faɗi sunan abin da yake zaton ina amfani da shi, ya ce ya gani a wayar yayansa. Abin dariyar shi ne ranar ba da wannan hanyar nake yi ba, na buɗe hannuwana duka biyu na nuna masa, amma aikin gama ya gama, domin rabin yaran sun bar kallon wasan sun koma gardamar ko ya canka ko bai canka ba. Ban ji haushin yaron ba, yaro ne kuma abin da aka ba shi ya kawo. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne fuskar yarinyar nan lokacin da ta juya baya tana neman wanda ya yi magana.

Duk da haka ba zan yi maka ƙarin gishiri in ce tonon asiri yana kashe sana'ar ba, domin tarihi bai nuna haka ba. A 1997 gidan talabijin na Fox a Amurka ya fara nuna wani shiri inda wani mutum mai rufe da fuska yake yin manyan wasannin dandamali sannan ya nuna yadda aka yi su. Masu sana'ar suka yi ca a kansa, a 1998 ya cire abin rufe fuskar ya bayyana cewa shi ne Val Valentino, ya ce ya yi ne don ya ja hankalin yara ga sana'ar ya kuma tilasta wa abokan aikinsa su ƙirƙiro sababbin abubuwa. Ko an yarda da wannan uzuri ko ba a yarda ba, mutane ba su daina zuwa kallo ba. A 2018 ma wata kotu a Las Vegas ta sa aka bayyana yadda shahararren mai rufa-ido David Copperfield yake ɓatar da mutane daga kan dandamali su bayyana a bayan zauren, saboda wani ɗan kallo daga Ingila ya kai ƙara cewa ya ji rauni a cikin wasan. Sai ga shi sirrin bai wuce a fitar da su da gudu ta wasu lunguna a zagayo da su ba. Duniya ta ji, Copperfield kuma ya ci gaba da cika zaurensa.

Sai dai ka lura da wanda ya tsira a waɗannan labarai. Mai suna da dukiya yana da ma'aikatan da za su gina masa sabon wasa, kuma mutane suna zuwa ne don su gan shi. Wanda abin yake faɗa wa shi ne ƙaramin mai wasa da yake da abubuwa shida ko bakwai a jakarsa, waɗanda ya tara kuɗi ya saya ko ya yi shekaru yana gogewa, yake zagaya makarantu da bukukuwa da su. Mu Hausawa idan muka ce Allah Ya rufa mana asiri, abinci da sutura da mutunci muke nufi, kuma ga irin wannan mutum ma'anonin biyu sun haɗu a wuri ɗaya, domin idan ka tona asirin wasansa a garin da yake yawo, asirin gidansa ka taɓa. Saboda haka ina ganin mummunan abu ne ƙwarai mutum ya ɗauki bidiyon wani mai wasa da yake raye yana neman abinci, ya rage gudun hoton, ya zana da'ira a kan hannunsa, ya watsa. Wannan kwance wa mutum zani ne a kasuwa don a tara mabiya, kuma ba na jin akwai wani suna mai daɗi da za a sa masa.

Batun wanda ya ƙirƙiri wasa ya fi wannan ma sarƙaƙiya, saboda doka ba ta ba shi kariyar kirki ba. Wasan yanka mace gida biyu da zarto ya fara fitowa ne a Landan a 1921 a hannun P. T. Selbit, sai Horace Goldin ya fito da nasa salon a Amurka. A 1922 Goldin ya kai wani kamfanin fim ƙara saboda fim ɗin da ke bayyana yadda ake wasan, ya yi nasara. Don ya ƙara ɗaure abin sai ya yi rajistar ƙirƙirarsa a hukumance a 1923, amma sharaɗin irin wannan rajista shi ne ka rubuta yadda abin yake aiki a ajiye inda kowa zai iya dubawa. Da kamfanin taba na R. J. Reynolds ya fara tallan sigarin Camel a 1933 yana buga bayanin wasannin rufa-ido a jaridu, Goldin ya sake zuwa kotu, wannan karon ya faɗi, kuma daga cikin dalilan har da cewa shi da kansa ya riga ya bayyana sirrin a takardar rajistarsa. Garin neman gira ya rasa ido ke nan.

Shari'ar da ta fi kusa da tambayarka ita ce ta Teller, ɗaya daga cikin masu rufa-idon Amurka biyu da ake kira Penn da Teller. Yana da wani wasa da ake ajiye fure a cikin kwalba, inuwarsa ta faɗa a kan farin allo, shi kuma ya sa wuƙa yana yankan inuwar, ganyen furen na gaske yana zubowa. Ya yi masa rajistar haƙƙin mallaka tun 1983. A 2012 wani mai wasa ɗan Beljiyam ya saka nasa kwaikwayon a YouTube yana tallan sayar da sirrin a kan kimanin dalar Amurka dubu uku, Teller ya kai ƙara a jihar Nevada, a 2014 kotu ta ba shi gaskiya. Amma abin da kotun ta kare shi ne tsarin wasan a matsayinsa na wasan kwaikwayo marar magana, dabarar da ke ƙarƙashinsa kuwa dokar haƙƙin mallaka ba ta rufe ta. Wannan ne ya sa masu sana'ar suka dogara da al'ada da kunya da kora daga ƙungiya, tunda ba su da wani makami. Idan wani ya yi shekara biyar yana gina wasa, yana sayar da bayaninsa ga abokan sana'a, kai kuma ka saya ko ka samu kwafin sata ka watsa kyauta, mai yiwuwa babu ɗan sandan da zai zo ƙofarka, amma gumin mutum ka ci.

Su Penn da Teller ɗin nan, abin sha'awa, sun yi suna da yin tsohon wasan kofuna da ƙwallaye da kofunan roba masu nuna abin da ke ciki, suna faɗin kowane motsi yayin da suke yin sa. Mutum yana ganin komai amma idonsa ya kasa bi, sai ya tashi da girmama sana'ar fiye da yadda ya zauna. Wasan na kowa ne, ya fi shekara dubu, kuma sun bayyana shi ta hanyar da ta ƙara masa daraja. Ban ga laifi a wannan ba, sai dai ba kowa ne yake da hannun da zai iya ba.

Wurin da ni kaina nake taka-tsantsan shi ne masu wasan kasuwa na gida, domin yawancinsu ba sa cewa dabara ce, sukan bar mutane su ɗauka asiri ne, wani ma ya yi kirari da aljanunsa. Ba na gaggawar sa su a layin 'yan damfara, saboda sau da yawa kirarin wani ɓangare ne na armashin wasan, jama'a su yi dariya, su jefa abin da suka jefa, a watse. Abin da nake dubawa shi ne me ake sayarwa bayan an gama. Idan faranti kawai aka zagaya da shi, to a bar kaza cikin gashinta. Idan kuwa wasan share fage ne na sayar da laya ko ƙullin magani da aka ce yana hana ƙarfe ko harsashi shiga jiki, to lamarin ya tashi daga nishaɗi, domin ba sau ɗaya ba jaridu suka kawo labarin wanda ya mutu wajen gwajin maganin bindiga. A nan ma akwai iyaka ga abin da za ka nuna. Ya isa ka bayyana cewa dabara ce da kuma inda take, ba sai ka koya wa yara yadda ake goga wuƙa a ciki ko haɗiye reza ko wasa da wuta ba. William Robinson, wanda ya yi suna da laƙabin Chung Ling Soo, gwani ne da ya daɗe yana wasan cafe harsashi, amma a 1918 bindigar da aka shirya don wasan ta saki harsashin gaske a kan dandamali a Landan, ya mutu washegari. Idan haka ta faru da wanda ya san aikin ciki da waje, ka ƙiyasta yaron da ya kalli rabin bidiyo ya shiga kicin.

Saura abin da dattijon nan ya koya maka, wanda a ganina hukuncinsa ya fi sauran sauƙi. Idan ya ba ka ne bisa sharaɗin ba za ka yaɗa ba, ko da bai furta ba amma kai ka san haka yake nufi, to amana ce, kuma kasancewar wani a wata ƙasa ya riga ya saka irinsa a intanet bai warware alkawarin da ke tsakaninku ba. Ka koma wurinsa ka zauna, ka lissafa masa abubuwan da kake son koyarwa, ka tambaye shi waɗanne ne nasa. Waɗanda ya ce a bari ka bar su. Sauran tsofaffin wasannin da ke cikin littattafan koyo kuwa ka koyar da su da sunan darasi, ka fara da yin wasan cikakke, sannan ka faɗa a fili cewa bayani zai biyo baya domin wanda ba ya so ya wuce, ka ambaci wanda ya ƙirƙira idan an san shi, ka kuma ba wa wahalar aikin lokacinta. Da ni ne kai, bidiyon farko ma ba na kwabo zan yi ba. Zan sayi kwalbar aidin da ƙwayar bitamin C a kantin magani, in shafa wa wata takarda mai kauri har ta yi baƙi, in wanke ta a gaban kyamara cikin kwanon silba, in kuma roƙi duk wanda ya kalla ya tura wa mahaifinsa da kawunsa na ƙauye.